Ministan Kakana

Har yau in na ji rediyo na ƙugi kafin ya kama tasha, kakana nake gani a zaurenmu na Shinkafi, ya manna kunne yana jiran labarin wani Bafaranshe. Sun saba ne tun mutumin yana saurayi, lokacin da ya zo haƙa rijiyoyi a ƙasar Maraɗi, kakana na yi masa tafinta. Da ya koma gida sai ya faɗa siyasa. Ya riƙe garinsu, ya shiga majalisar yankinsu, daga bisani aka ba shi minista. Duk matakin da ya taka, sai unguwa ta ji daga bakin kakana, kai ka ce ɗansa ne.

Wata damina, gero ya fara fitar da kai, direban motar kasuwa ya kawo labarin jandarmomi sun tsare mahaifina a ƙetaren iyaka. An sami harsashi a motar da ya ɗora buhunansa, mai harsashin ya tsere. Innata ta saki muciya cikin tukunya.

Baffana ya ce, "Baba, in ministan nan naka na da rana, yau ce."

Kakana ya ɗauki hoton da suka yi tare da Bafaranshen, ya tafi. Mu kuwa muka zauna jira. Ko babur ya gifta, sai mun ruga ƙofa.

Abin da ya faru can, sai da na girma mahaifina ya ba ni labari. Babban jandarma ya dubi hoton, ya turo shi baya.

"Tsoho, gwamnatinsu ta faɗi. Ko yana bisa kujera ma, nan ba Faransa ba ce."

Kakana ya fito ya zauna a bakin ofis. Sai wani sarkin tasha da ke wucewa ya tsaya, ya ƙura masa ido.

"Ba kai ne na Shinkafi ba? Zaurenka munka sauka shekarar da motarmu ta mutu."

Shi ya tattaro direbobi da dattawa, suka shaidi mahaifina, suka tsaya masa har aka sake shi. Ya dawo a rame, innata na kuka tana dariya.

Yanzu hanyar nan ba a binta sai da fargaba, baƙi sun daina sauka gidajen mutane. Ɗana yana fatauci. In aka tsare shi gobe, ban san wanda zai tsaya ya ce ya san gidanmu ba.