Hannun Babakura da Karen Ya Meram

Kafin rana ta yi zafi, Malam Babakura ya riga ya ɗaure tsohuwar jakarsa a bayan babur, ya bar asibitin dabbobi. Abokan aikinsa kara suke nufa, kasuwar shanu, inda ake kiran mutum likita da baki cike. Shi kuwa sai ya karkata Yindiski da Ngojin, gidajen mafarauta da manoma, wajen karnuka. Haka yake tun gashinsa na baƙi, ga shi a watan nan ya ajiye aiki. Tukuicin da garin nan ya ba shi kuwa suna ne, Na-Karnuka. Har akwai masu noƙe hannu in ya miƙo nasa a wajen ɗaurin aure. Wallahi abin nan yana ci mini rai.

Ku je Danchuwa ku tambayi Ya Meram. Dattijuwa ce da ke zaune ita kaɗai a bakin gari, miji ya rasu, 'ya'ya sun watse neman abinci. Awaki ne rufin asirinta, mai gadinsu kuma wani baƙin kare da take kira Duna.

Da daminar bara karen ya rame, ciki ya kumbura. Maƙwabcinta Saleh, dillalin shanu, ya ce tsutsar ciki ce, kuma ya canka. Sai dai mu mutanen Potiskum muna da wata cuta: tunda mun tashi cikin shanu, kowa likita ne. Saleh ya ɗauko maganin tsutsa na shanu, ya auna da ido, ya ɗura wa kare abin da zai ishi maraƙi. Washegari zawo ya ɓalle. Sai aka ɗora kuskure kan kuskure, aka kife kwanon ruwansa, wai ruwa ke ƙara zawo. Duna ya kwanta, ido ya faɗa, yawu na zuba, yana gurnani in an matso. Nan take unguwa ta yanke hukunci cewa haukan kare ne, maza suka fito da gora.

Allah ya sa Babakura na kusa, ya zo duba karnukan wani maharbi. Ya tarar da tsohuwa ta sha ɗamara ta tsaya tsakanin karenta da sanduna.

"Malam, ka gaya musu," in ji ta. "Karen nan shi ne ƙofata. In suka kashe shi, kafin Juma'a ba sauran akuya a gidan nan."

"Ya ciji wani, Ya Meram?"

"Ko kaza bai taɓa ba."

"Me aka ba shi?"

Saleh ya miƙo kwalba yana sosa ƙeya. Babakura ya dube ta, ya dubi karen.

"Haba Saleh! Kare ne ko bijimi? Kun cika masa ciki da magani, kun hana shi ruwa, yanzu kuma za ku biya shi da gora?"

Ya durƙusa, ya ɗan dama gishiri da sukari a ruwa, ya tura kwano gaban Duna. Karen ya ja jiki ya hau sha. Babakura ya ce a ɗaure shi a inuwa, in hauka ne shi Babakura da bakinsa zai faɗa musu. Ya ce wa Ya Meram ɗan zawo bayan maganin tsutsa ba abin tashin hankali ba ne, yakan lafa cikin kwana ɗaya ko biyu, ƙishirwa ce ke kisa. Kada kwano ya bushe. A ba shi farar shinkafa kaɗan-kaɗan, ba mai ba yaji. In ta ga jini ko amai, ta kira shi ko yana cin abinci. Sannan ya karɓi fartanya, ya haƙa rami, ya binne kashin da ke cike da tsutsa don kada yaran unguwa su taka. 'Ya'yan masu gorar ne yaran, iyayensu kuwa na tsaye sun toshe hanci. Kullum da safe yana dawowa, har Duna ya miƙe ya koma bakin garke.

Ba a rufa wata ba aka haɗu a wajen suna. Babakura ya miƙa wa Saleh hannu, Saleh ya dafe ƙirji ya ce sannu daga nesa. Saleh fa, wanda haushin Duna ke tsare masa shanun da yake kwanarwa a bayan gida! Kunya ba ta kama shi ba, ni ta kama.

Malam Babakura, kai ne mai durƙusawa inda manya ke tsallakewa. Ka san halittar Allah ce ke kwance, kuma a bayan kowane kare akwai mai gona ko mai garke da ba shi da wani mai gadi. Mun gode, Allah ya saka maka da abin da muka kasa.

Ranar da ya ajiye aiki ba a kafa rumfa ba, ba a yi jawabi ba. Ya Meram ce ta zo tun daga Danchuwa da ɗan akuya a Keke Napep.

"Ba daga ni ba ne, Malam," ta ce. "Daga Duna ne. Shi ya tsare uwar ɗan akuyan nan."

Matasa masu shiga aikin dabbobi, kada duk ku ruga kara, wani ya ɗauki jakar nan. Mu kuma sauran, in Babakura ya miƙo hannu, mu karɓa da hannu biyu. Har da kai, Saleh. Mutumin ya tsufa, ba zai daɗe yana miƙowa ba.