Ƙaryar da Ta Kori Malam Umaru

Ranar wata Talata ce cikin damina, a watan da gero ke fidda kai, shekarar da nake aji huɗu a firamaren unguwarmu a Tambuwal. An yi ruwa da asuba, filin makaranta duk ya zama taɓo, muka shiga aji da laka har idon sawu. Malam Umaru ya shigo da littafinsa mai jan bango a hammata, ya ce mu tashi tsaye, mu harɗe hannu a ƙirji, mu rufe ido, mu kawo haddar da ya ba mu tun Alhamis. Layi shida ne na Turanci a kan ƙudan zuma. Ni ko layi ɗaya ban riƙe ba, domin kwanakin nan a gona na yi su ina korar tsuntsu da majajjawa, in na samu sarari kuwa sai langa a ƙofar gida. Sai na rufe ido ina motsa baki kamar mai yi. Ban ji zuwansa ba, sai numfashinsa na ji kusa da kunnena. Ya tsayar da kowa ya ce in yi ni kaɗai. Ko layin farko na kasa kawowa. Bai buge ni ba, kuma wallahi da bugun ya yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "Bawa, bakinka na tauna amma babu abinci a ciki. Akuyar hedimasta ma haka take yi." Aji ya fashe da dariya, har da 'yan mata ukun da ke layin gaba. Kafin a tashi makaranta sunana ya koma Akuya.

Sai na faɗi wani abu a kan littafin nan, domin shi na mayar makami. Wani Bature ɗan Ingila ne ya rubuta shi, wanda ya mutu tun kafin a haifi mahaifina. Sunansa ya fi ƙarfin bakinmu a lokacin, yanzu kuwa ya ɓace mini gaba ɗaya. A shafin farko akwai hotonsa, tsoho mai saje, da baƙar riga da wani farin abu da ya zagaye masa wuya, don haka muka sa masa Mai Farin Wuya. Malam Umaru ya samu littafin ne kyauta a makarantar horon malamai, yana ji da shi ƙwarai, har yakan naɗe shi da takardar buhun siminti in zai fita cikin ruwa. Duk ranar da muka yi ƙoƙari sai ya ba mu labarin mutumin. Ɗan mai gyaran takalma ne, in ji shi, ya yi karatu da wahala, ya koma wani ƙaramin gari ya koyar da yara har gashinsa ya yi fari. Yana kiwon zuma a bayan makarantarsa. Ya rubuta littafi a kan zumar, da wani a kan tsuntsayen garinsu, da wani na koya wa yara ƙa'idar Turanci. A cikin namu, ban da zuma da tsuntsaye, har akwai labarin yaran da ƙanƙara ta tare wa hanyar makaranta, wadda Malam ya ce ba irin tamu ba ce mai fasa ganyen dawa, tana saukowa ne kamar auduga. Kuma bai ɓoye mana ba cewa ran Lahadi mutumin shi ne limamin cocin garin, har yana da littattafan wa'azi. "Waɗancan ba su shafe mu ba, ban ma taɓa ganinsu ba," in ji Malam. "Mutumin nan ya san yara, ya san zuma. Abin da ya sani za mu ɗauka. Addininsa tsakaninsa da Mahaliccinsa."

Wanda ya fi kowa son littafin shi ne Haliru, abokina, da muke zama benci ɗaya. Mahaifinsa mai zuma ne, yana ɗaura amya a itatuwan fadama, Haliru kuwa tun yana ƙarami yake riƙe masa hayaƙi. Wata rana Malam ya karanta inda Baturen ya ce zuma ba ta harbin mai zuwa mata a hankali, sai Haliru ya miƙe ya ce wannan zumar Ingila ce, ta fadamarmu ko sallama ka yi mata sai ta kumbura maka ido. Malam ya yi dariya har da hawaye, ya ɗauki fensir ya rubuta gyaran Haliru a gefen shafin da sunansa. Yaron da ya gyara wa Bature littafi ke nan. Kowa a makarantar ya san shi ne zai fara wucewa gaba a cikinmu.

Da la'asar ɗin wannan Talatar, Baba yana zaure yana yi wa manya karatu kamar kullum. Ni ne mai cika butoci da shimfiɗa tabarmi. Cikin masu zama akwai Kawu Labbo, yayan mahaifiyata, wanda tun ranar da dagaci ya rubuta 'ya'yansa uku a boko yake jin haushin makarantar, domin hannu shida ta ɗauke masa daga gona. Ina ajiye buta ya dube ni ya ce, "Ai ni ji an yi maka sabon suna. Akuya, ina ɗiyanki?" Mutane suka yi dariya. Zuciyata ta ɗebe ni, na ce, "Ai Malam Umaru littafin limamin coci yaka karanta muna." Baba ya rufe littafinsa. Ban taɓa faɗin magana manya goma suka juyo suna saurarona ba sai ran nan, kuma daɗin abin ya shiga kaina. Na ce tsaye muke tashi, mu ɗora hannu a ƙirji, mu rufe ido, mu yi ta bin abin da Baturen ya rubuta. Duk wannan gaskiya ne, sai dai ban ce don kada mu saci kallon allo ko mu mintsini juna ne ake rufe idon da harɗe hannun ba. Baba ya tambaye ni a hankali, "In kun ƙare, mi kuka cewa?" Na ce, "Amin." Ba mu taɓa cewa amin ba. Ban shirya ƙaryar ba, daga bakina ta fito kamar tana jira.

Na ɗauki laifina, ba na neman a rage mini ko kaɗan. Amma har yau in na tuna da zauren nan raina ɓaci yake yi. Dattawa goma, wasu sun sauke littattafan da ni ko sunansu ban iya faɗi ba, sun san hukuncin shaida, sun san ba a yanke wa mutum hukunci da bakin yaro guda mai jin haushi. Ba wanda ya ce a kira wani yaro a tambaya. Ba wanda ya ce, yaron ga da aka yi wa dariya yau, anya ba rama yake so ya yi ba? Kawu Labbo ya riga ya miƙe yana kaɗa riga, sauran suka bi shi da salati.

Da safe suka zo makaranta ana tsakiyar sharar fili. Hedimasta ya fito yana ta durƙuso. Aka kira Malam Umaru da littafinsa, mu kuma muka taru da tsintsiyoyi a hannu. Kawu ya buɗe shafin farko ya nuna hoton ya ce, "Wanga limamin coci na, ko ba shi na ba?" Malam ya ce, "Shi ne." Aka ce yana sa yara rufe ido a tsaye? Ya ce, "Ina sa su, amma ku bari in..." Kawu bai bari ba. Maganar amin kuwa ba wanda ya tambaye shi, sun riga sun ɗauke ta tabbatacciya. Haliru ne kaɗai ya kutsa yana kuka yana cewa ƙarya ce, zuma ce a ciki da tsuntsaye, a karanta a ji. Mahaifinsa ya kai masa mari har ya faɗi cikin laka. Hedimasta, wanda ya iya Turanci, wanda cikin minti biyar zai iya fassara masu shafi ɗaya a wuce wurin, ya karɓi littafin da yatsu biyu ya kulle shi a kabad. Kujerarsa yake tsaro. Malam Umaru ya bi layin yara da ido har ya same ni. Bai harare ni ba, ya dube ni kawai na ɗan lokaci ya kawar da kai.

Abin da ya biyo baya ya fi na filin makaranta muni. Malam baƙo ne daga Sanyinna, ba shi da mata tukuna, ɗaki ɗaya yake zaune a gidan wani mahauci. Matar da ke dafa masa tuwo ta mayar masa da kwanoninsa wankakku ta ce ta bari. A masallaci, in ya tsaya a sahu sai na damansa ya matsa, na hagunsa ya matsa, a bar shi da fili ta kowane gefe, mutumin da ya fi rabinsu iya karatun sallah. Yara suka riƙa binsa a hanyar rijiya suna cewa amin, amin, ni ne kuma a gaba. Kafin a yanke gero takarda ta zo an mayar da shi Kebbe. A lokacin hanyar Kebbe in ruwa ya sauka sai wanda dole ta kama. Ya ɗora akwatinsa da tabarma a kan keke, yana turawa a ƙasa saboda yashi da laka. Ina bisa dangar gonarmu na gan shi ya wuce. Zan so in rubuta cewa na ji tausayi, amma murna na yi, har da tsalle.

Fiye da rabin ajinmu aka cire daga makaranta a wannan kakar. Ni abin da nake so ke nan, na koma gona da jaki, ɗan abin da nake iya rubutawa yau sai daga baya na tsince shi a ajin manya. Kawu Labbo ya samu hannayensa shida. Haliru ma aka cire shi. Ya yi kwana uku bai ci abinci ba, sa'an nan ya bi mahaifinsa fadama bai sake waiwayar makaranta ba. Har yanzu yana nan yana sayar da zuma ran kasuwa, in takarda ta zo masa daga asibiti jikansa yake kira ya karanta masa. Muna gaisawa, amma bai sake zama tabarma ɗaya da ni ba. Littafin kuwa gara ta cinye shi a kabad tare da gyaran Haliru.

Ina da shekara kusan arba'in na fara zuwa Kebbe da babur sayen dawa. Wata rana da hantsi na tarar da Malam Umaru zaune a rumfar wani tela, ya bar aiki, idanunsa sun yi rauni. Daga muryarsa na gane shi. Na durƙusa na gaishe shi na ce daga Tambuwal nake. Ya ce ɗan wace unguwa? Allah ya ba ni dama a hannu, sai na faɗi sunan wata unguwar daban. Sai ya ce, "Akwai wani yaro da na koyar a can, Haliru, ɗan mai zuma. Ko ka san shi? Ya yi nisa a karatu?" Na ce, "Ya yi, Malam." Fuskarsa ta washe, ya dafa gwiwata ya ce, "Alhamdu lillahi. Ai na san zai yi." Na ɗaure buhunana na hau babur na gudu. Wancan karon yaro ne ya yi ƙarya, wannan kuwa magidanci ne mai 'ya'ya biyar da gemu. Na yi ta cewa zan koma in faɗa masa gaskiya, kasuwa ta wuce, wata ta zo, har ranar da telan ya gaya mini an yi bakwai ɗinsa.

Kwanan baya na kasa riƙewa, na faɗi labarin nan a majalisar ƙofar masallacinmu bayan la'asar, daga farko har ƙarshe, ban rage komai ba. Samarin da ke wurin suka yi dariya, ɗaya ya ce, "Haba Baba, ai yarinta ce, Allah ya yafe muna." Na ji kamar in ɗauki sanda. Ba wanda ya san Malam Umaru a cikinsu. Mahaifina ya rasu yana ganin addinin ɗansa ya tsare, Kawu Labbo ya rasu, hedimasta ya rasu, duk waɗanda ya kamata su ji kunya tare da ni suna maƙabarta. Yau a unguwar nan iyaye ne ke goya 'ya'yansu a babur suna yawon neman wanda zai koya masu Turanci, ajin jikana kuwa tun bara ba malamin. Mu Allah ya kawo mana shi har gida, da alwalarsa da haƙurinsa, yana ba mu labarin wani tsohon malami na wata ƙasa da zumarsa don mu buɗe kai, muka bi shi da ihu. Wani lokaci da hantsi in na ji yara suna hadda daga tagar makaranta sai in tsaya in saurara, in ji dama a mayar da ni bencin nan minti ɗaya. Ban taɓa ce masa ya yafe mini ba, yanzu kuwa ba inda zan same shi.