Ƙwarya a Bakin Rijiyar Ɗan Gawo

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ɓoye ruwa a ƙarƙashin dutse, ya kuma ajiye wa kowane ciki rabonsa.

Tahoua

A shekarar da darajar kuɗin sefa ta faɗi ne, lokacin hutun lakkwal, wato makarantar boko. Maƙwabcina Mushe Illa, malamin boko, mutumin Gaya ne, a bakin kogi ya tashi, ya iya nutso tun yana ƙarami. Albashi ya daɗe bai zo ba. Da mutanen Ɗan Gawo, wani ƙauye bayan Takanamat, suka aiko cewa ƙarfen jan ruwa da sarƙarsa sun faɗa rijiyarsu suna yaga kowane guga, sai ya ce zai je ya ciro.

Matarsa Hadiza ta zo zaurena ta durƙusa, ta damƙa mini 'yan kuɗin guzuri a ƙulle, ta roƙe ni in bi shi. Ta ce in ya shiga ruwa da yunwa jiri yake ɗibarsa, ya taɓa suma a kogi sai da aka jawo shi.

"Baba Malam, ka ga ya ci kafin ya sauka. Shi ba zai faɗa ba."

Bayan sallar asuba muka isa tasha da igiya a kafaɗa. Na tambayi mai shayi kuɗin kofi da burodi, ya faɗa, na yi masa addu'a na wuce. Abin da muka saba saya bara ya ninka. Illa ya ce mu bari sai Affala, a ƙauye komai ya fi araha. Muka hau bayan wata tsohuwar Landiroba tare da buhunan gishiri da akuya biyu.

A shingen fita gari jandarma ya duba takardunmu, ya daɗe yana kallon igiyar, don lokacin ana maganar tawaye a arewa. Ya tambayi me malamin lakkwal zai yi da igiya a daji. Illa ya ce alli bai ciyar da shi ba, zai gwada rijiya. Jandarman ya yi murmushi, ya ce shi ma da ya iya ruwa da ya bi mu.

Affala

Hantsi ya yi muka tsaya. A gindin wata bishiyar bedi akwai mata masu abinci. Shinkafa da wake tana ƙamshi, amma da na ji farashinta na lissafa kuɗin motar komawa, sai na matsa gun wata tsohuwa mai kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Ta zuba mana a takarda, ta ƙara ɗan kaɗan don ta ga rawanina. Illa ya ci loma uku ya tura mini saura, wai shi ganye ba ya zama masa. Na san ƙarya yake, girmana yake gani. Direba ya danna oda kafin in gama yi masa faɗa.

Takanamat

Mun iso bayan azahar, mota ta kafe a rairayi sau biyu, duk mun tura. Ba ranar kasuwa ba ce. Rumfuna babu kowa, sai wani mahauci da ragowar balangu wanda kuɗinsa ya fi ƙarfinmu. Na zaga har bayan masallaci ina tambayar mai tuwo ko mai hura, aka ce sai jibi. Dabino kaɗan na samu wurin wani Buzu mai tebur. Daga nan amalanken jaki muka bi, ina kallon Illa yana tsotsar ƙwallon dabino har ya yi fari.

Ɗan Gawo

Gab da magariba maigari ya tarbe mu, dattijo ne siriri. Rumbunan gidansa a buɗe suke, ana ganin ƙasansu. Aka kawo 'yar ƙwarya da hura tsararo, ruwa ya fi gero yawa. Kafin in miƙa hannu Illa ya ce alhamdu lillahi, mun ci a hanya. A Tahoua in baƙo ya faɗi haka, mai gida yakan matsa masa har ya sha. Maigari bai matsa ba. Ya sunkuyar da kai, aka mayar da ƙwaryar cikin gida inda ake jin kukan yara. Ban ga laifinsa ba.

Da safe bayan salla na ɗauki ƙullin Hadiza na shiga gari gida-gida, ina tambayar inda ake sayar da abin kari, ko koko ne, ko ɗumame. Duk inda na yi sallama sai a dube ni a ce nan ba a sayarwa. Na koma na tarar Illa ya tuɓe riga, ya ɗaura igiya a ƙugu, maza sun taru. Leɓɓansa sun bushe. Na leƙa rijiyar, ruwan can ƙasa kamar ƙwayar ido, aka ce zurfinsa ya shanye mutum uku a tsaye. Na ce masa ba zai sauka ba. Ya ce dabbobin mutane suna kwana da ƙishi, kuma ba zai koma wa Hadiza hannu wofi ba. Na riƙe igiyar na ƙi saki, muka tsaya a haka, mutane na kallo.

Wata tsohuwa da ke zaune kan tulunta, ana ce mata Inna Tamo, ta kira ni da hannu.

"Malam, kai ne tun da safe kake yawo da kuɗi kana neman mai saida hura?"

Na ce ni ne, na gaya mata mutumin nan rabonsa da abincin kirki tun shekaranjiya.

"To ina ƙwaryarku? Mai shiga rijiya ba ya saye, ba ya roƙo. Ƙwarya yake ajewa a bakinta, duk wadda ke shan ruwan nan ta zuba ludayi guda. Mun ga ba ku aje ba, muka ce 'yan birni ne, ƙyamar hurarmu suke."

Ashe maigari ma haka ya ɗauka jiya. Ba mu da ƙwarya, ita ta ba mu aron tata. Na ajiye a kan dutsen bakin rijiya na ja da baya. Ba wanda ya yi shela. Mata suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, kowace da ludayinta a rufe da mayafi, ta zuba ta wuce ba ta dubi kowa ba, don kada a san wadda tata ta fi ruwa. Wata Buzuwa ta tsiyaya nonon akuya a kai. Kafin rana ta ɗaga ƙwarya ta cika.

Illa ya sha rabi, ya zauna a inuwa har ta faɗa masa, sannan aka zura shi. Ni ina cikin masu riƙon igiya, bakina bai bar salati ba. Nutson farko ya fito ba komai. Na biyu ya daɗe, har na fara cewa a ja. Sai igiya ta girgiza sau biyu, alamar da muka yi da shi. Aka jawo sarƙar da ƙarfen, tsofaffin guguna na rataye a jiki, sannan aka jawo shi, yana tari yana dariya. Abin da ya fara tambaya shi ne ina sauran hurarsa.

Komawa

Mutanen gari suka sallame shi da ɗan akuya da abin da ya sawwaƙa. Washegari kasuwar Takanamat ta ci, muka sami mota, a Affala kuma na saya masa shinkafa da waken nan, na tsaya a kansa har ya share kwano. La'asar muka shiga Tahoua. Hadiza na bakin ƙofa, ba ta tambayi ladan aiki ba, ni ta duba.

"Baba Malam, ya ci?"

Na ce ya ci, gari guda ne ya ciyar da shi. Na mayar mata da sauran ƙullinta.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Allah ya saka wa Inna Tamo da matan Ɗan Gawo, ya cika rumbunansu kamar yadda suka cika ƙwaryar nan. Tun daga ranar, duk tafiyar da zan yi, da 'yar ƙwarya a cikin jakata.