Sulen da Mma Ta Wanke

Yayana da ke Jamus mutum ne mai son tsofaffin kuɗi, abin da ni ban taɓa gane amfaninsa ba. A wani zuwa da ya yi gida, unguwarmu ta Aboabo, ya bar mini ajiyar wani sulen azurfa na zamanin Turawa, a rufe ruf cikin roba mai haske. Ya ce masana ne suka duba shi, suka ba shi daraja, suka like. A bakin robar akwai wata 'yar na'ura siririya, ba batir ba waya. Ya kara wayarsa a kai, sai ga hoton sulen da lambarsa sun fito. Ya ce ba a iya kwafar amsar da take bayarwa, kuma ranar da aka fasa robar, ita za ta fara tona asiri. Na yi dariya na ce yanzu har kwabo ya samu ɗan sanda.

Na sa shi a ɗakin Mma, mahaifiyarmu, don nan ne babu mai shiga.

Mma kuwa ba ta iya ganin ƙarfe ya dushe ta ƙyale shi. Tukwanenta sun shaida, duk layinmu babu masu ƙyalli irin nata. Wata ranar Asabar na dawo daga shagona a Sofoline, na tarar da ita a tsakar gida da toka da lemun tsami, robar tana gefe a tsage, ta ɓalle ta da wuƙa da taɓarya. Sulen yana tafin hannunta yana walƙiya.

"Dubi yadda suka bar shi da datti, koraa, ko kaɗan ba su da kunya," in ji ta. "Nemo mini gam in mayar."

Yaya ya taɓa gaya mini cewa baƙin da tsufa ya sa masa shi ne darajarsa. Ban iya yi mata faɗa ba, don a lokacin ta fara rikicewa, takan kira ni da sunan ƙaninta da ya rasu. Na like robar da kaina, na kara wayata. Jan rubutu ya fito: an buɗe.

Daga ranar tsoro ya zauna mini a ciki. In waya ta yi ƙara na ga lambar waje, sai in bar ta ta daɗe tana ƙara kafin in ɗauka. Sau da yawa na yi niyyar faɗa masa, sai in ce bari ya zo, Mma ta faɗa da bakinta, zai fi yarda. Ba asarar nake tsoro ba. A Zongo, unguwannin Hausawa irin tamu, in aka ce ka taɓa amana, ko wajen sallah sai ka ga mutum ya ja takalminsa kusa da shi.

Ya zo da Babbar Sallah. Bayan an ci tuwo ya ce in kawo ajiyarsa. Ya kara waya, ya daɗe yana kallon ta, sannan ya ɗago ya dube ni.

"Yaya, Mma ce," na ce. "Ta wanke shi da toka. Mma, gaya masa."

Ta karɓi robar ta jujjuya, ta yi murmushi irin na mai kallon kayan baƙo.

"Wannan na wane ne? Ni ban taɓa ganinsa ba."

Na sake roƙon ta, har na ɗaga murya, ta tsorata ta riƙe hannun Yaya. Shi ya ce in bari, kada in tayar mata da hankali. Ya sa sulen a aljihu ya ce, "Ba komai, chale," yadda samari ke kiran abokin hira.

Mma ta rasu kafin azumin da ya biyo. Yaya yana kira na, yana gaishe ni har da tambayar yara ɗaya bayan ɗaya. Amma duk abin da zai aiko gida yanzu, ko maganin ciwon kai ne, ta hannun ƙanwarmu da ke Kwadaso yake bi.