Ranar da Na Kwatanta wa Allah Baba Mai Lambu

Ko zan manta da ranar da na fara karɓar albashi, ba na jin zan taɓa mantawa da wata Lahadi a 'yar majami'armu ta Lutheran da ke Sabon Garin Wudil, ranar da na miƙe yin addu'a na ƙare da tona wa dattijo asiri a gaban Allah da jama'a. Shekaru sun shuɗe, amma har yau in na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

A lokacin ina koyar da Hausa a wata makarantar sakandare, kuma na yarda da bakina fiye da kima. Ikilisiyarmu ƙarama ce. Ko ranar da kowa ya zo, har da masu goyo da ɗaliban jami'a 'yan Adamawa, ba ma cika benci goma sha biyu. Kowa ya san kowa, an san mai gyangyaɗi lokacin wa'azi, an san mai zuwa a makare. A cikin wannan 'yar jama'a ni ne gwanin addu'a, ko in ce ni na naɗa kaina. In aka ce, "Malam, rufe mana da addu'a," to wadda ta baro tukunya a wuta sai ta yi haƙuri. Nakan faro daga halittar duniya, in bi ta kan annabawa ɗaya bayan ɗaya, in ratsa ta kan gwamnati da manoma da direbobin manyan motocin da ke tsallaka gadar Wudil, kafin in sauka. Matata ta sha gaya mini a hanyar gida, "Malam, Allah fa ba ya mantuwa, ba sai ka tuna masa komai ba." Ni kuwa sai in ce mata ba ta san darajar baiwa ba.

A shekarar ne Fasto ya buɗe ajin addu'a na manya, kowace Laraba da la'asar. Muna ɗaukar Addu'ar Ubangiji roƙo bayan roƙo, ana bayani, ana tambayoyi. Gaskiya ni ba koyo ya kai ni ba, na je ne in taimaka wa Fasto in ya kakare. Da azumin kwana arba'in na kafin Ista ya kama, sai ya kawo wani tsari. Ya raba mu biyu-biyu, maza da maza, mata da mata, ya ce kowa ya faɗa wa abokinsa abu guda da ke damunsa, shi kuma abokin ya riƙa kai wa Allah har azumi ya ƙare. Ya ɗaga yatsa ya ce, "Abin da ɗan'uwanka ya faɗa maka, tsakaninka da shi da Allah ne. Ko ni ba na son in ji."

Aka haɗa ni da wani dattijo da duk muke kira Baba mai lambu, saboda lambun tumatir da albasa da yake yi a bakin kogi. Shi ke fara zuwa majami'a, shi ke buɗe tagogi, kuma babu waƙar da za a ɗauko bai san ta har baitin ƙarshe ba. Kullum littafin waƙoƙi na buɗe a hannunsa, da tabarau a kan hanci. Ba a daɗe da zaɓensa dattijon ikilisiya tare da wasu mutum biyu ba, kuma al'adarmu ita ce ranar keɓe sabon dattijo, shi zai hau ya yi karatun farko na Maganar Allah. An sa keɓewar Lahadin da ke bin Ista.

Muka zauna gindin dalbejiyar da ke bayan majami'a. Ni na fara, na yi masa dogon bayani kan ƙarin girmana da ya maƙale a ofis. Ya saurara har na gama. Sai ya waiga dama da hagu, ya rage murya ya ce, "Malam, ni ban iya karatu ba."

Na yi dariya, na ɗauka wasa yake. Na ce, "Haba Baba, littafin waƙoƙin fa?"

Ya ce, "Riƙewa nake. Lamba nakan gane in an rubuta a allo, waƙoƙin kuwa a kai suke. In na ga na kusa da ni ya juya shafi, ni ma in juya."

"Tabarau ɗin fa?"

"Na kasuwa ne. Ranar da na san za a miƙo mini takarda, sai in baro shi a gida in ce ba na gani. Mai ɗakina ce kaɗai ta sani, ita ke karanta mini komai, ga shi bara Allah ya ɗauke ta. Yanzu saura mako bakwai in tsaya gaban jama'a. Ka taimake ni, Malam, kai ka yi boko."

Me kuke tsammanin na yi? Na kama hannuwansa biyu, na rufe ido, na zuba addu'a har sai da ya motsa ya ce albasarsa na jiran ruwa. Na koma gida ina jin na yi aikin Allah.

Lahadi ta uku cikin azumi, Fasto ya ba ni jagorar babbar addu'ar ikilisiya, wadda ake yi bayan wa'azi. Yadda muke yi, mai jagora ya kawo roƙo guda, jama'a su amsa gaba ɗaya cewa Ubangiji ya ji addu'armu, sannan ya ci gaba. Bazara ce, zafi ya sa an wangale tagogi duka, ga kuma sabuwar lasifika da 'yan ƙungiyar zumuntar mata suka saya. Da na ji muryata tana dawo mini daga bango, sai kaina ya ƙara girma. Na yi wa ƙasa, suka amsa. Na yi wa marasa lafiya, suka amsa. Can sai Baba ya faɗo mini a rai. Na ce a zuciyata, Fasto cewa ya yi kada a faɗa wa kowa, ni kuma Allah zan faɗa wa, suna ma ba zan kama ba.

Na ce, "Ya Uba, akwai wani bawanka a cikinmu, ba zan faɗi sunansa ba, kai ka san shi."

Da a nan na tsaya da an rabu lafiya. Amma bakina ya riga ya ɗau gudu, kuma kamar ina tsoron kada Allah ya rikita shi da wani.

"Bawan nan naka da ke shan rana a bakin kogi yana ban ruwa. Wanda ka ɗauke masa abokiyar zama bara. Wanda ka zaɓa ya zama dattijo a gidanka. Ya Uba, shekara da shekaru yana riƙe da littafi a gabanka, baƙi ko ɗaya bai sani ba. Ka buɗe masa ido kafin ranar keɓewa, kada ya ji kunya a gaban jama'a."

Na dakata ina jiran amsa. Murya biyu ko uku ne suka amsa, su ma can ƙasa-ƙasa. Wai ni a wautata sai na ɗauka addu'ar ce ta ratsa mutane har suka kasa magana. Na ƙarasa, na ce amin, na buɗe ido. Kowa ƙasa yake kallo. Matata ta rufe baki da gefen gyalenta. Baba kuwa yana zaune a wurinsa, na ga ya cire tabarau ya sa a aljihu, ya rufe littafin waƙoƙi a hankali ya ajiye a gefen benci. Da aka fara layin karɓar gurasa da ƙoƙon Jibin Ubangiji, ya miƙe ya fita ta ƙofar baya. A nan ne na gane abin da na aikata.

Bayan sujada Fasto ya ja ni ɗakin da yake canza riga. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, mutum nawa ne a ikilisiyar nan ke da lambu a bakin kogi?"

Na ce, "Ai Fasto, ban faɗi suna ba."

Ya ce, "Da sunan ka faɗa ma, da an gama da wuri."

A hanyar gida, da muka kusa ƙofa, matata ta ce, "Kwatancen gidansa kaɗai ka manta." Ban ma san iyakar ɓarnar ba sai washegari, da na bi ta gaban shagon wani tela Musulmi da ke jikin katangar majami'a. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, ya tambayi zafi, sannan ya ce, "Malam, jiya mun ji addu'a ta taga. Wallahi Baba mai lambu mutumin kirki ne, ko bai iya karatu ba." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Laraba Baba bai zo aji ba. Lahadi ma bai zo ba, wani ne ya buɗe tagogi. Sai ga saƙo ya aiko wa Fasto cewa a cire sunansa daga dattawa, a ba wanda ya cancanta. Mutumin da ya ɗauki bulo a ka lokacin ginin majami'ar nan, ga shi bakina ya kore shi daga cikinta. Duk da haka sai da na yi kwana goma ban je ba, wai ina shirya kalmomin ban haƙuri. Har a nan ma jawabi nake tsarawa.

Ranar da na je, na same shi a lambu, injin ban ruwa na ta ƙara, yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya daga wannan fangali zuwa wancan. Na yi sallama, ya amsa. Na gaishe shi, ya amsa komai yadda ya kamata, har ya tambayi yara. Na gyara tsayuwa na fara, "Baba, a gaskiya ɗan Adam ajizi ne, kuma harshe..."

Ya ɗaga hannu. Ya je ya kashe injin, ya dawo ya tsaya a gabana da laka har gwiwa. Ya ce, "Malam, kunya na sha ta, ba ta kashe ni ba. Amma bari in tambaye ka. Mene ne aikinka?"

Na ce, "Koyarwa, Baba."

"Me kake koyarwa?"

"Hausa."

Ya ce, "To. Ranar da Fasto ya haɗa ni da kai, na ce Allah ya amsa tun ban roƙa ba. Na ɗauka in na faɗa maka, cewa za ka yi, Baba, zo gobe da fensir. Sai ka kama hannuna ka mayar wa Allah da aikin."

Ni da ba a taɓa rufe wa baki ba, sai na ga na durƙusa a cikin lakar nan da farin wandona na makaranta, hawaye na zuba. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "Ka yafe mini, Baba." Ya ce ya yafe tun ranar, zuwa ne dai ba zai iya ba tukuna. Ya karyo wani ɗan kara ya miƙo mini, ya share ƙasa da ƙafarsa ya ce, "Tunda ka zo, nuna mini harafin farko."

A wurin muka fara, a kan yashin bakin kogi. Kullum in na tashi daga makaranta sai in biya lambu, mu yi baƙi da wasali har rana ta yi sanyi. Kwanakin da suka rage kafin keɓewa ba za su isa ba, ni ma na sani. Na kawo masa dabara, na ce in karanta masa wurin ya haddace, tunda kansa ya fi na kowa riƙo, ranar sai ya hau ya riƙe Littafin kamar yana karantawa. Ya dube ni ya ce, "Bayan ka sanar ta lasifika? Ni ma na gaji da wannan." Haka aka keɓe sauran dattawa biyu babu shi. Ya zo ranar, ya zauna a bencin ƙarshe. Fasto ya ce wa jama'a kujerar Baba tana nan tana jiransa. Ban taɓa jin nauyin sujada irin na ranar ba.

Sai da damina ta zo ta wuce, aka yi girbi, aka shiga makonnin jiran Kirsimeti, sannan Baba ya ce wa Fasto ya shirya. Aya huɗu aka ba shi. Ya hau babu tabarau, ya ɗora yatsa a kan layi, ya fara bi gaɓa-gaɓa, gumi na tsattsafo masa duk da sanyin safiya. A aya ta uku ya maƙale a wata doguwar kalma. Na yunƙura zan faɗa masa daga inda nake, matata ta janyo mini riga na koma na zauna. Ya koma farkon kalmar, ya sake, ya sake, sai ga ta ta fito. Da ya kai ƙarshe, mata suka ɓarke da guɗa, abin da ba a saba yi bayan karatu ba, Fasto kuma bai hana ba.

A bakin ƙofa na rungume shi, murna ta cika ni, na ce, "Baba, tsaya mu yi addu'ar godiya!"

Ya dafa kafaɗata ya ce, "Mu yi, Malam. Amma a zuci."

Tun daga lokacin, in mutum ya ce in taya shi da addu'a, kafin in rufe ido nakan tambayi kaina abu biyu: shin abin da ya faɗa mini nawa ne da zan furta a gaban mutane, kuma shin amsar ba a hannuna take ba? Sau da yawa nakan tarar Allah ya riga ya ji, ya kuma aiko wanda zai yi aikin, ni ne dai na tsaya ina ta surutu.