Kujerar Malam Iro a Buron Waya

Malam Iro ya shekara ashirin da huɗu yana bin rugage a kan babur yana yi wa shanu allura, daga Cadawa har bakin iyaka ta wajen Gazawa, kafin gwiwarsa ta ce ta gaji. Da ƙungiyar manoma da makiyaya ta buɗe buro, wato ofishin amsa waya, a Agiye, sai aka ba shi kujera tare da mu. Mu huɗu ne: ni Nazira, da Usmanu, da Hafiza, da shi. Lambar wayar guda ce, na'ura ke raba kira bi da bi. Na farko nawa, na biyu na Usmanu, na uku na Hafiza, na huɗu na Malam Iro, sai a dawo kaina. In mutum yana kan waya, ta tsallake shi.

To, Malam Iro bai san gajeriyar magana ba. In ya ɗaga waya sai ya gyara zama. Ina kwana, ina gajiya, yaya gida, yaya ruwa, ina aka yi kiwo bana, yaya tsohuwa da ƙafar nan tata. Kafin ya sallami mutum ɗaya na sallami uku. Ba zan ɓoye ba, abin yana ba ni haushi, don duk kiran da ya tsallake shi a kanmu yake faɗawa. Amma ba ka iya fushi da mutumin da kullum zai ajiye maka ƙuli-ƙuli a kan tebur ya ce, "Ɗiyata, taɓa."

Shugabanmu Rabilu mutum ne mai son lissafi. Ya duba na'ura ya ga abu biyu: Malam Iro ya fi kowa ƙarancin kira, kuma ana yawan katse mana waya da zarar mun ɗaga. Na biyun ya ɗora wa rashin layi, har ya sa masu gyara suka zo daga Maraɗi sau biyu, ba a ga komai ba. Na farkon kuwa ya kira Malam Iro ya ce masa, cikin ladabi, in wata ya ƙare ba a ga canji ba, za a ba wani kujerar.

"To, Allah shi zaɓa abin da ya fi alheri," in ji Malam Iro. Ranar bai ci abincin rana ba. Ya taɓa gaya mini cewa in ya zauna gida ba aikin fari ba na baƙi, ba zai kai baɗi ba. Ya gwada rage gaisuwar, sai ya riƙa yin tuntuɓe a magana kamar mai sabon takalmi. Tausayinsa ya kama ni.

Ran kasuwa sai ga wani makiyayi, Sajo, ya shigo da sandarsa da ƙwaryar man shanu, ya zo gaida Malam Iro. Rabilu ya tare shi ya tambaye shi ko layi na ba su wahala a daji, tunda kira na yawan yankewa.

"Layi lahiya lau," in ji Sajo. "Mu ke kashewa."

"Ku ke kashewa?"

"I mana. In yarinya ta ɗauka, mu kashe. Sai yaro, sai wata yarinyar, sannan Malam. Kamar layin rijiya ne, kowa ya san gugan wa ke biye. In mun iske shi da wani, mu sake zagayowa."

Rabilu ya ce, "Baba, me yaran suka yi muku?"

"Ba komi, suna da kirki. Amma kana yin sallama sai su ce, shanunka nawa, nawa ne ba lahiya? Wa ke ƙirga shanunshi ga wanda bai sani ba? Malam bai taɓa tambayata ba. Kahin mu gama gaisawa ya san inda suka sha ruwa, ya san abin da ke damun nagge."

Ni ce yarinyar farko, kuma na ji kunya har cikin ƙashina. Wata takwas ina alfahari da saurina, ashe kashe mini waya ake yi.

Rabilu ba mai taurin kai ba ne. A satin ya sa aka gyara na'urar: lambobin makiyaya su tafi kai tsaye wurin Malam Iro, in yana kan waya su jira shi, mu kuma mu riƙe manoma da maganar iri da taki. Yau shekara biyu ke nan yana nan, gwiwa a kan ɗan benci, kuma Usmanu ma ya fara tambayar mutane lafiyar tsofaffinsu.

Amma ranar, bayan Sajo ya fita, Rabilu ya juya ya ce, "Malam, me ya hana ka gaya mini?"

"Ni ma ban sani ba," in ji Malam Iro. "Na zaci ni kaɗai ke jin daɗin hirar."

Ya cire hula ya goge fuska da ita, ya daɗe bai mayar ba.