Garba Likitan Jakai da Ɗiyarsa

Shekara bakwai ke nan da rasuwar aminina Garba, kuma har gobe ina faɗa da babbar murya: daga Gusau zuwa Tsafe ba a haifi mai kayar da bijimi kamata ba. Tare muka yi kwalejin koyon aikin gona da lafiyar dabbobi, ni na koya masa riƙon igiya.

To, ban da rana ɗaya. An kai mu wata ruga bayan Kwatarkwashi mu yi wa shanu allura. Na naɗe hannun riga na tunkari wani farin bijimi mai ƙaho kamar reshen kuka. Ya dube ni, na dube shi. Ban san yadda aka yi ba, sai na tsinci kaina bisa rumbu ina salati. Garba ne ya zagaya, ya zarga masa igiya a ƙugu, ya ja, bijimi ya kwanta kamar an yi masa shimfiɗa.

A wancan zamani dariya ake yi mana. Wai wane ɗan kirki zai yi boko ya ƙare a bayan saniya? A Bungudu aka laƙaba masa Likitan Jakai. Maimakon ya ji haushi, sai ya sa aka rubuta sunan da jan fenti a jikin babur ɗinsa. Shekarar da ciwo ya faɗa wa garkuna, masu dariyar ne suka riƙa sallama a ƙofarsa tun da asuba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Da Garba zai leƙo yau, ya ga an ba mu sabuwar jiha kowa na tseren kujerar ofis a Gusau, na san tsaki zai yi ya tambaya: wa zai duba shanun?

Ga amsa. Ɗiyarsa Hadiza ta samu gurbi a kwalejinmu, baffanninta sun ce ba za ta je ba. Wai mace da warin kashin shanu? Ta koyi buga tafireta, a sa ta ƙarƙashin fanka. Na je har zaurensu na ce wa babbansu, “Alhaji, nonon da kuka dama fura da shi yau, tafireta ta tatso shi?” Na ce ko sama da ƙasa za su haɗu, ranar Asabar ni zan ɗora akwatinta a motar kasuwa. Kuma na ɗora.

Babur ya ruɓe, fenti ya goge, amma taurin kan Garba na nan da ransa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Allah Ya jiƙansa.

A tasha na bugi ƙirji na ce wa yarinyar idan ta dawo hutu zan koya mata kayar da bijimi. Uwarta, Hajiya Asabe, ta gyara mayafi ta ce, “Malam Bala, kai dai koya mata hawan rumbu. Sauran ta gada.”